Jan Ƙyalle a Wuyan Kubewar Inna

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinke matattun ganyaye a jikin takarda. Idan na faɗa wa mutane haka sai su ɗauka ba'a nake yi, to wallahi aikina ke nan. A wani ofishi ne a tsakiyar Khartum, ɗaki mai tsawo cike da kabad-kabad na ƙarfe, cikinsu tsirrai busassu, kowanne a shimfiɗe a kan farar takarda mai kauri. Masu ilimi su fita daji su tsinko, su danne tsakanin jaridu da katako, su busar, su kawo mini. Ni kuma in ɗauki allura da zare in kama reshen a wuri uku ko huɗu don kada ya motsa. Mijina tela ne a Kasuwar Libiya da ke Omdurman, yakan tsokane ni ya ce duk gidan ɗinki muke yi, shi na masu rai, ni na gawa.

Akwai kabad guda a ƙurya da ba a buɗewa sai da izinin Ustaz, shugaban sashenmu. A ciki tsofaffin takardu suke, waɗanda Turawa suka tara tun zamanin mulkin Turkawa, fiye da shekara ɗari kafin a haife ni. Ustaz ne ya ba ni labarinsu, yana yi yana shafa kabad ɗin. Wai a can ƙasashensu akwai ƙungiyoyin masu lambu, attajirai da ba su taɓa riƙe fartanya don yunwa ba. Su haɗa kai su ɗauki nauyin mutum guda, su turo shi da akwatuna, ya biyo kogi a jirgin ruwa, ya hau raƙumi, duk abin da ya ga ya yi fure ya tuge. Iri da saiwa a aika musu su raba, kowa ya shuka a ɗakin gilashi ya kira abokai su zo kallo. Bayan ƙasa ta sami 'yancin kai aka dawo mana da kaɗan daga cikin busassun, waɗanda suke da biyu-biyu, wai kyauta ce aka yi mana.

Na iya Turanci daidai karatu, don haka nakan duba 'yar takardar bayanin da ke gefen ƙasa. Sunan Baturen da manyan baƙaƙe, hatimin ƙungiyarsa, sai sunan tsiron da Latin. Wanda ya ɗauki akwatin a ka, da wanda ya nuna hanya, da wadda aka shiga lambunta, babu ko ɗaya a ciki. Abin yakan ɓata mini rai, amma ban taɓa cewa komai ba, ɗinkina nake yi.

Wata shekara da sanyi sai ga wata Baturiya. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan ce ta turo ta, ashe har yanzu suna nan, wai ta bi sawun wani mutuminsu ta ga abin da ya saura daga tsirran da ya tara. Ustaz ya sa aka yi fenti, aka goge fanka. Ranar da aka buɗe kabad ɗin ƙurya ni aka sa riƙe takardu. Ta zaro guda ɗaya ta daɗe tana kallo. Ganye biyu ne da fure guda da ya koma kalar shayi. Ta ce bayanin ya nuna an tsinke shi a wani ɗan lambun maniyyata 'yan yamma a gabashin ƙasar nan, da sanyi, lokacin da duk sauran kubewa ta ƙare. Mutumin bai samo 'ya'yan ba, kuma in babu 'ya'ya ba za su tabbatar da ko wace iri ce ba.

Na leƙa. Ganye mai faɗi wanda bai tsage sosai ba, kara mai ja, da jan ɗigo a inda jijiyoyin ganyen suka haɗu. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ai wannan kubewar Inna ce."

Inna mahaifiyata ce, a Mayo take zaune, wata unguwa a gefen Khartum. Kubewar kuwa ta girme ta. Kakata ce ta fito da ita daga ƙasar Katsina a ƙulle a bakin zani, suna tafiya Makka a ƙafa. Inda damina ta tare su sai su tsaya su yi noma, su girbe, ta sake ƙulle irin su ci gaba. A Gezira tafiyar ta tsaya, suka zama masu tsinkar auduga a gonakin wasu. Da Baba ya gaji da wannan ya kwaso mu zuwa Mayo, Inna ta zo da tabarma da tukwane da irin. Ba kamar bamiya, kubewar 'yan ƙasar nan, take ba. Ta yi ta tsawo har ta leƙa katanga ba ta ba ka komai, sai sanyi ya shigo, kowa ya koma busasshiya, sannan ta fara. Miyarta kuwa in ka ɗaga ludayi sai ka yanke yauƙin da hannu. A Mayo ruwa sai amalanken jaki ya kawo, don haka a gindinta Inna take alwala, a gindinta take zubar da ruwan ɗaurayar kwano.

Dokokin Inna biyu ne a kan iri. Na farko, 'ya'yan da ta zaɓa don iri takan ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, kuma daga ranar babu mai taɓa su har su bushe a uwarsu su fara ƙara in an girgiza. Ina 'yar shekara bakwai na tsinke guda ɗaya, har yau ban manta ludayin da ya sauka a bayana ba. Na biyu, iri ba a sayar da shi. Wanda zai shuka ake ba, kuma in ya girbe ya dawo da wani ga wadda ta ba shi. Haka ake yi don in na gida ɗaya ya lalace a samu a wani. Da can gidaje da yawa ke da shi. Sannu a hankali wasu suka mutu, wasu suka koma gidan haya da babu ƙasa, matasa suka ce wa zai tsaya jiran kubewa wata biyar.

Ni ma an ba ni nawa ranar da aka kai ni gidan miji a Omdurman. Na zuba a gwangwanin madara na ɗora a saman kabad, ina cewa baɗi, baɗi. Ranar da na buɗe, gari na tarar da ƙwari. Ban faɗa wa Inna ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba, wanda ya nuna mini ta sani.

A daminar shekarar da Baturiyar ta zo, ruwa ya kayar da bangon ɗakin Inna, goran da take ajiye iri ya kwana uku a cikin laka, duk ya ruɓe. Abin da ta riga ta shuka kaɗai ya rage, awaki kuma suka shigo ta inda bangon ya faɗi suka bar mata tushe uku. A jikin tushen nan uku ta ɗaura wa 'ya'ya bakwai jan ƙyalle. Iyakar saninmu, a duk Khartum da Omdurman babu wani irin kubewar nan sai waɗannan bakwai.

Duk na san wannan lokacin da na buɗe baki. Alfahari ne ya ja ni, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe wa masu ilimi takarda, yau ga abin da na sani su ba su sani ba.

Na je na faɗa wa Inna. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

"Ke 'yar nan, wa ya aike ki?"

"Inna, kallo kawai za su yi. Sai ɗan ganye."

Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Ganye su ɗiba, fure ma. In akwai ɗanya ƙarama su ɗauki guda. Shi ke nan."

Na koma na ce wa Ustaz Inna ta yarda, kuma za mu nuna musu abin da za a yanka. Haka na faɗa, ban ƙara ba. To a aikinmu, idan aka fita tara tsirrai, mutum guda ke yin gaba yana ɗaura ɗan ƙyalle a jikin duk abin da ya kamata a yanka, na baya su zo da almakashi. Na san wannan sarai. Na san na Inna tun kafin in iya ɗaura zani. Amma ko sau ɗaya ban taɓa haɗa abin biyu a kaina ba.

Da hantsi muka isa. Inna ta sa mayafinta na zuwa biki, ta shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin rumfa, aka gaisa, Ustaz yana ta "Hajja, Hajja" yana fassara wa baƙuwar. Sai Inna ta ce in zo in taya ta haɗa gahawa. Muka shiga madafa, ta soya, ni na daka da citta. Ƙarar turmin nan ce ta hana mu jin almakashi.

Da muka fito, Baturiyar tana durƙushe tana murmushi. Ga 'ya'yan nan bakwai a jere a kan jarida, kowanne da jan ƙyallensa, an riga an rataya musu lamba. Kan tushen ma, inda sauran furanni suke, an yanke an danne a katako. Ustaz ya dube ni da fara'a ya ce da Larabci, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Har kun yi mana alama."

Inna ta ajiye faranti. Ta zuba gahawa ta miƙa wa baƙuwa, ta miƙa wa Ustaz. Baƙi ne a gidanta, ba za ta yi magana ba. Ni ya kamata in yi. Ban yi ba. Tsoron Ustaz nake ji, kunyar Baturiya nake ji, kuma in faɗi gaskiya, kunyar Mayo nake ji, da bangon da aka toshe da buhu. Suka sha ƙoƙo uku-uku, suka ɗauki hoto, suka tashi. Na raka su mota, har ƙofa na riƙe musu.

Na dawo na tarar da Inna zaune a gaban tushen. Lokacinsu ya riga ya ƙare, ganye ya fara zuba, zafi na tafe, babu wani fure da zai sake kamawa.

"Saura kwana goma su bushe," in ji ta.

"Inna..."

"Na ba ki naki, kin ba ƙwari. Yau kin kawo baƙi kin ba su nawa. Tashi ki tafi kada ki rasa mota."

Ban san lokacin da motar ta haye gadar Omdurman ba. Na isa gida na faɗa wa mijina, ina kuka ina zagin Ustaz, ina zagin Baturiya da kakanninta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Su ba su sani ba. Ke da kika sani me kika ce?" Na ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Na san abin da za a yi da su, tunda aikina ne. Kubewa tana da kauri, ba ta dannuwa, sai an tsaga ta biyu an sa a akwatin zafi ta bushe, sannan a shafa mata guba don ƙwari. Da safe na tarar da huɗu a kan teburina da wuƙa a gefe, ukun kuma a ambulan, za su bi Baturiya a jirgi. An riga an kunna akwatin zafin. Babu kowa a ɗakin. Da na so, da na zuba su a jaka na fice, a yi ta neman ɓera. Amma ni ba sata na zo yi ba. Na kwashe duka bakwai a gefen mayafina na tura ƙofar Ustaz, suna zaune su biyu suna shan shayi.

"Ustaz, waɗannan zan mayar wa mai su."

Ya ajiye kofi. "Wace magana ce wannan?"

Na yi bayani da Larabci, na maimaita da Turancina mai ɗingishi don ita ma ta ji daga bakina. Na ce jan ƙyalle a gidanmu yana nufin kada a taɓa. Na ce babu wani iri bayan wannan. Na ce laifina ne da ban faɗa jiya ba, yau kuma na faɗa.

"An ba su lamba," in ji Ustaz. "Sun shiga rajista. Kayan ofis ne yanzu."

"Jiya kuka ba su lamba. Ƙyallen Inna ya fi wata a wuyansu."

Fuskar Baturiyar ta yi ja. Ta ba da haƙuri, kuma na yarda har zuciyarta ne. Sannan ta ce in duba ta wani ɓangaren. A can suna da ɗakin sanyi inda iri ke shekaru bai mutu ba, ruwa ba ya kayar da bangonsa, akuya ba ta shiga. In irin ya je can, ba zai taɓa ɓata ba.

Maganar ta sosa ni, don goran Inna ya ruɓe da gaske, gwangwanina ma ya zama gari. Amma raina ya riga ya ɓaci.

"A ɗakin sanyin naku wa zai yi miya da ita? A wurinmu wanda ya karɓi iri yana shukawa ya dawo da wani. Mutumin da kike bin sawunsa ya shiga lambun wata irin kakata ya ɗiba. Shekara ɗari da wani abu ke nan. Me ya dawo mata da shi?"

Ta nuna wajen kabad ɗin ƙurya ta ce ai an dawo da takardar.

"Ganye biyu da guba a jiki. A ina za a shuka su?"

Ustaz ya miƙe. Ba mugun mutum ba ne, shi ya koya mini riƙe allurar nan, kuma na san abin da yake so: sunan ofishinmu ya fito a littafin ƙungiyar, a san muna nan. Ya ce a hankali, "'Yata, kin kunyata ni a gaban baƙuwa. In kika fita ƙofar nan da su, kada ki dawo."

"Na ji, Ustaz."

Baturiyar ta ce ko ƙwaya goma in bar mata. Na ce ba nawa ba ne da zan bayar. In tana so, sai ta dawo baɗi, ta zauna a gaban Inna ta roƙa, ta faɗa mata inda za ta shuka da lokacin da za ta dawo da shi. Ganye da furen na bar musu, don Inna ta yarda da waɗannan. Na ɗauki allurata, tawa ce daga gida na kawo ta, na fita.

Da na kai wa Inna, ba ta gode mini ba, ban kuma sa rai ba. Ta ɗauki 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa a kunnenta. Babu mai ƙara. Ta tsinke lambobin ta jefa a murhu, ta rataye su a inuwar rumfa inda iska ke wucewa. Biyu suka yi fumfuna. Bayan mako uku ta fasa biyar ɗin a faifai. Yawancin ƙwayoyin farare ne a motse. Ta tsince masu duhu ta zuba a ruwa, ta kwashe waɗanda suka taso ta zubar. Abin da ya nutse bai rufe gindin ƙoƙon gahawa ba.

Watannin zafi na yi su ina kalmasa bakin riguna a shagon mijina. 'Yan uwa suka yi ta zuwa jaje kamar an yi mutuwa, wai na yar da aikin gwamnati saboda kubewa, wai in je in ba da haƙuri. Na ce wanda ya ga na yi hauka ya daina cin miyar Inna. Ban je ba, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Abin da nake da-na-sani a kansa shi ne ƙofar motar nan da na riƙe.

Da hadari ya fara haɗuwa Inna ta aiko in zo. Ta raba ƙwayoyin biyu ta zuba rabi a tafin hannuna. Na ce ina tsoro, ta san abin da na yi da na farko.

"A gida ɗaya ya zauna, kin ga abin da ya faru," in ji ta. "Wannan karon ki dawo da shi."

Tsakar gidanmu a Omdurman siminti ne. Na sa mijina ya fasa kusurwa guda da guduma, mai gidan hayar ya zo yana faɗa, na ce in mun tashi zan shafe masa da hannuna. Na kawo ƙasar bakin kogi a bokiti, na shuka, na koma yin alwala a wurin. Kwana shida babu komai. Rana ta bakwai huɗu suka fito.

A Mayo guda biyu suka tsiro wa Inna, tsutsa ta yanke su tun ba su kai tafin hannu ba. Ta aiko mini da labarin ba tare da ƙarin magana ba, sai wani tsohon jan zaninta a cikin leda. Daga ranar na daina zuwa ko'ina. Biki, suna, duk na ce a gaishe su. Tushen nan huɗu suka yi ta tsawo suna ba ni haushi, babu ko fure, har sanyi ya shigo. Baturiyar ba ta dawo ba, ko wasiƙa babu. Na ji an ɗinke sabon ganyen da furen an ajiye kusa da tsohon.

Na yage zanin na ɗaura wa goma sha biyu ƙyalle. Ko ɗanya guda ban bari an ci ba sai da na gama zaɓe. Da suka bushe na naɗe shida a mayafi na hau mota, na riƙe su a cinya har Mayo.

Inna tana zaune a ƙarƙashin rumfa. Na durƙusa na buɗe mayafin a gabanta. Ta ɗauki guda ta duba ƙullin ƙyallen, ta kai kunne ta girgiza. Ta sake girgizawa.

"A uwarsu suka bushe?"

"A uwarsu, Inna."

Ta daɗe tana riƙe da ita. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga tana tambayar wace ce ta zo. Inna ba ta juya ba.

"'Yar nan ce," in ji ta. "Ta dawo da iri."